Hukuncin Kiran Koyoti da Bin Sawun Zakin Dutse Lokacin Hunturu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a jihar Idaho ta Amurka, ina da maƙwabci makiyayin tumaki, ba Musulmi ba ne amma muna zaman mutunci. Duk hunturu shi da abokansa sukan fita harbin koyoti, wani naman daji mai kama da dila. Suna ajiye na'ura mai fitar da kukan zomon da ya ji rauni, su ɓuya, idan ya zo su harbe shi. Idan sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba kuma sai su bi sawun zakin dutse, wani babban naman daji dangin damisa, da karnuka har ya hau bishiya. Ya gayyace ni, ina so in je, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Kiran nan ba yaudara ba ne? Suna cin naman zakin, suna sayar da fatun, wani lokaci ma ana yin gasa. Mene ne matsayina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya yi maka albarka ɗan'uwa, da ka tambaya kafin ka ɗauki bindiga.

Abin da ya fi damunka, wato kiran, shi ne mafi sauƙi a cikin tambayar. Algus da yaudara da shari'a ta hana suna tsakanin mutane ne, inda akwai amana da alkawari. Farauta kuwa tun asalinta dabara ce: tarko, kwanto, bin iska don kada naman ya ji warin mutum. Maharbanmu na ƙasar Hausa suna ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya irin tasa har su kusanci nama, malamai suna gani, ba a taɓa kiran wannan ha'inci ba. Na'urar da ke kukan zomo, ko take kwaikwayon haushin koyoti a watannin Janairu da Fabrairu lokacin barbararsu, daga wannan babin take. Sharaɗi ɗaya zan sa: kada a ɗaure zomo ko wata dabba mai rai a azabtar da ita don ta yi kuka ta jawo naman. Wannan haramun ne ba tare da saɓani ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne dalilin kashewar. Allah ya halatta farauta, ya ce a Suratul Ma'ida idan kun fita daga harami ku yi farauta, a aya ta 4 kuma ya halatta abin da horarrun karnuka suka kamo mana. Amma rai na Allah ne, ba a ɗauke shi sai da hujja. A Suratul An'am aya ta 38 ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Shi ya sa Ibn Abi Zaid ya ce a Risala farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Wannan karhancin ma yana kan wanda ya yi niyyar amfani da abin da ya harbo. Wanda ya kashe don kawai ya ga faɗuwar dabbar, ya juya ya bar ta, malamanmu sun sa aikinsa cikin ɓarnar da aka haramta.

To maƙwabcinka makiyayi yana da hujja. Koyoti shi ne kan gaba cikin namun dajin da ke kashe tumaki a yammacin Amurka, musamman ƙanana lokacin haihuwa, zakin dutse kuma yakan shiga garke ya kashe da yawa a dare ɗaya. A hadisin Buhari da Muslim an ambaci dabbobi biyar da ake kashewa ko da a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera, da kare mai cizo. Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce duk abin da ke afka wa mutane ya ji musu rauni ya tsorata su, kamar zaki da damisa da kyarkeci, ya shiga hukuncin karen nan. Idan an halatta wannan ga mai harami a Makka, ai makiyayin da ke tsaron dukiyarsa ya fi cancanta. Saboda haka idan koyoti suna yi wa garken maƙwabcinka ɓarna, ka fita tare da shi don ka taimake shi, halal ne, kuma ina sa maka ran lada, domin haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba.

Sai dai larura ana auna ta gwargwadonta ne. Ka tuna hadisin annabin nan da tururuwa ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi cewa me ya hana ka tsaya kan guda ɗaya. Namun da ke zagaye garken su ne abin nema, ba duk wanda ke yawo a dajin da babu tunkiya ko ɗaya ba. Tarihin ƙasar ma ya nuna haka. Fiye da shekara ɗari ana bin koyoti da guba da tarko da bindiga, har yau hukumar gwamnatin tarayya tana kashe dubun-dubatarsu kowace shekara, jihar Utah ma a 2012 ta fara biyan dala 50 kan kowane ɗaya da aka kawo. Duk da haka dabbar da asalinta ta filayen tsakiya da yamma ce yanzu ta bazu a kowace jiha ban da Hawaii, har cikin manyan birane irin Chicago. Makiyaya da yawa sun koma ga karnukan gadi, da jakuna, da shinge mai wutar lantarki, da kwana kusa da garke lokacin haihuwa. Karen gadin garke yana cikin karnuka ukun da Annabi ya yi izinin riƙewa, tare da na farauta da na gona. Idan ka samu dama ka faɗa wa maƙwabcinka wannan cikin hikima.

Gasar da ka ambata kuwa, inda ake tara mutane kwana ɗaya ko biyu a ga wanda ya fi kashewa, a jibge gawarwaki a auna a ba da kyauta, kada ka je, kada ka biya kuɗin shiga. Kisa ne don alfahari, kuma idan kyautar daga kuɗin da mahalarta suka zuba take fitowa, ga shubuhar caca ta ƙaru a kai. Jihohi irin California da Arizona da New Mexico sun riga sun hana ta. Inda dokar jiha ba ta hana ba, shari'a ta hana ka.

Zakin dutse hukuncinsa ya fi tsauri a wurina, saboda halinsa. Dabba ce mai gudun mutane, abincinta barewa, kuma afka wa ɗan Adam abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ya saba da garke, ko ya fara zagaya gidaje, a kashe shi babu laifi. Amma mafi yawan abin da ake yi a hunturu ba haka yake ba. Ana fita kafin asuba a bi hanyoyin duwatsu ana duba dusar ƙanƙara, a ga sawun dagi mai yatsu huɗu ba alamar farce, a saki karnuka masu abin wuya da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam, su kore shi har ya gaji ya hau bishiya, mai bindiga ya iso ya harbo shi daga ƙasa. Burin da yawansu kan dabbar ne da fatarta da za a rataye a bango, da hoto. Wannan farautar wasa ce, mafi sauƙin hukuncinta karhanci, kuma ban so maka ita ba. Su kansu Amurkawa sun rabu a kanta: California ta hana farautarsa ta nishaɗi a ƙuri'ar 1990, Oregon a 1994 da Washington a 1996 suka hana bin sa da karnuka, mutanen Colorado kuma suka ƙi amincewa da hanin a 2024.

Akwai kuma abin da ya fi tayar mini da hankali. Macen zakin dutse tana iya haihuwa a kowane wata na shekara, 'ya'yanta kuma suna tare da ita fiye da shekara guda. Sau da yawa takan ɓoye su ta fita neman abinci, don haka sawu ɗaya a dusar ƙanƙara ba ya nuna cewa ba ta da 'ya'ya. Harsashi ɗaya sai ya bar biyu ko uku su mutu da yunwa cikin sanyi. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana shawagi, Annabi ya ce wa ya tayar wa wannan hankali a kan 'ya'yanta, ku mayar mata da su. Dokar jiharku ta hana harbin mace mai 'ya'ya a tare da ita da kuma ƙanana masu roɗi-roɗi a jiki. Kai ka ƙara a kan haka: idan ba ka tabbata namiji ba ne, ka sauke bindiga.

Naman kuwa kada ka ci. Malik da kansa ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa cin duk mai fiƙa daga namun daji masu kai bara haramun ne, kuma a kan haka Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa suke. Na san abin da ya shahara a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda Halil ya tafi a kai a Muhtasar, karhanci ne, saboda aya ta 145 ta Suratul An'am da ta taƙaita haramtattun abinci. Amma lafazin hadisin a fili yake, kuma kai ba ka cikin yunwa. Ga kuma cutarwa: naman nan yakan ɗauki wata tsutsa mai shiga tsokar mutum, a nan Idaho ma a 1995 mutane sun kamu da ita bayan sun ci kilishin zakin dutse. Idan an miƙo maka a teburi, ka yi godiya ka ce addininka bai ba ka ba. Mutanen can sun saba jin irin wannan.

Fata tana da bayani. A wurin Malikawa yanka yana aiki a kan namun nan wajen tsarkake fatarsu, Risala ta ce babu laifi a yi salla a kan fatun namun daji kuma a sayar da su idan an yanka su. Harbin bindiga kuma malamanmu na baya, tun daga malaman birnin Fas na Maroko, sun ɗauke shi a matsayin yankan naman da ba a iya kamawa, tunda harsashi yana huda jiki ya zubar da jini. Saboda haka idan kai Musulmi ka harba da niyyar yanka, ka ce Bismillahi lokacin harbin, fatar tsarkakakkiya ce, kana iya sayarwa ko ka yi buzu da ita. Fatar koyoti ta hunturu ita ce mai kauri da daraja, kuma wanda ya yi wannan sana'a don ciyar da iyali yana da manufa ingantacciya. Idan ka harba ba niyya ba basmala da gangan, ko wanda ba Musulmi ba ne ya harba, to a mashahurin mazhaba mushe ne: bayan an jeme fatar ana iya amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Hambalawa sun hana amfani da fatun namun nan gaba ɗaya saboda hadisan da suka hana shimfiɗa su da hawa kan fatar damisa, kuma wanda ya bar su don fita daga saɓani ya kyauta. Rataya kan dabbar a falo don a ce wane jarumi ne, wannan kam ba ɗabi'ar mumini ba ce.

Idan za ka fita, hadisin Shaddad ɗan Aus ya zama a gabanka: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za ku kashe ku kyautata kisan. Ka koyi harbi a kan allo kafin ka nufi mai rai. Kada ka harba daga nisan da ba ka da tabbacin sa, ko a duhun da ba ka bambance koyoti da karen mutane. Wanda ka ji wa rauni wajibi ne ka bi jininsa ka ƙarasa shi, ko da sanyi ya kai inda ya kai. Kada a bar karnuka su yayyaga dabba da ranta. Bin ta da babur ɗin dusar ƙanƙara a take ta kuwa, kamar yadda aka yi wa wani kyarkeci a Wyoming a 2024 har duniya ta ɗauka, zalunci ne tsantsa, idan ka ga abokan tafiya za su yi haka ka hana su, in sun ƙi ka rabu da su.

Lasisin farauta, da takardar izinin zakin dutse, da lokacin da aka ƙayyade, da kai fata da ƙoƙon kai ga hukumar namun daji don rajista, da neman izinin mai fili kafin ka shiga, duk sun hau kanka. Ka shiga ƙasar da alkawarin bin dokarta, Allah kuma ya ce ku cika alkawura. Ka fara tabbatar da cewa irin takardar zamanka ta ba ka damar riƙe bindiga, domin dokar tarayya ta taƙaita hakan ga masu bizar wucin gadi sai da wasu sharuɗɗa.

Sannan salla. Fitar nan kafin alfijir ake yin ta, ranar hunturu kuma gajera ce, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa. Ka yi alwala daga gida, ka riƙe ruwan ɗumi a gora. Idan ruwan ya ƙare kuma ba halin narkar da ƙanƙara, ko ka ji tsoron sanyi zai cutar da kai, ka yi taimama a kan dutse ko ƙasa, idan duk sun rufe to Halil ya ambaci dusar ƙanƙara cikin abin da ake taimama a kansa. Kasaru kuwa, wanda ya yi tafiyar don kare garke ko neman abinci kuma nisan ya kai, zai yi. Wanda ya fita don wasa kawai, a mazhabarmu ba a so ya yi kasaru, sai ya cika sallarsa.

Wallahu a'alam.