Amsa: 1,000,001 firaim ce ko ba firaim ba ce?

Malam, kana tambaya ko 1,000,001 na cikin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, wato firaim, tunda ka gwada 3, 7, 11 da 13 duk ta ƙi. A'a, ba firaim ba ce. Ɗauko kalkuleta ka raba ta da 101, za ka samu 9,901 cif ba ragowar komai. Su 101 da 9,901 ɗin kuma kowacce firaim ce, shi ya sa masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 101, 9,901 sai ita kanta. In ka tara ukun farko 10,003 kawai za su ba ka, ko kusa da ita ba su je ba, don haka tana ajin lambobi masu gibi, wato waɗanda in ka tara masu raba su, ban da su kansu, jimillar ba ta kai su ba.

Ka dai tsaya da wuri ne. Lamba ta zama mara kuma ta ƙi ƙananan lambobi ba ya nufin komai, sai ka bi firaim ɗaya bayan ɗaya har ka kai lambar da in aka yi ta sau kanta za ta kamo taka, a nan wajen 1,000 ke nan, kuma firaim 168 ne a ƙasa da dubu, ni kam aikin kwamfuta nake ɗaukarsa ba na biro ba. In firaim ta farko bayan miliyan kake nema, matsa gaba kaɗan, 1,000,003 ce.