Amsa ga Inna: Abin da Ya Sa 'Yan Matan Zango Ke Cin Kifi da Ƙayarsa

Inna, barka da gida, ya mutanen Sakkwato? Kin tambaya me ya sa 'yan matanmu na Kumasi ke tauna ƙananan kifi har da ƙaya, ko rashin nama ne. Ba rashi ba ne, Inna. A unguwanninmu na Aboabo da Asawase da wuya a ɗora miya babu busasshen kifin Keta, wani gari a bakin tekun Ghana, kuma amfaninsa yana cikin ƙayar, don a nan sinadarin kalsiyam yake, wanda ke gina ƙashi. Nono a wurinmu ba ya wadata kamar naku, da 'yan Fulani ke kawo muku har ƙofar gida, shi ya sa muka riƙe kifin.

Abin da ya sa muke matsa wa 'yan mata shi ne lokacinsu gajere ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin mace yana kammala ne zuwa shekara 18. Daga nan ga ciki, ga goyo, kuma mai shayarwa daga ƙashinta jiki ke ɗibar kalsiyam ya zuba a nono, sai bayan yaye ya mayar. Yarinyar da aka aurar ba ta tara ba, da me za ta fara? Tsakanin shekara 9 zuwa 18 ana so ta samu kalsiyam miligiram 1,300 a rana, kofin madara ɗaya kuwa wajen 300 ne. Ko a Jos, binciken da aka buga a 1999 ya nuna lanƙwasar ƙafar yara daga ƙarancin kalsiyam take, ba daga rashin rana ba.

Amma ci daban, jiki ya karɓa daban. Gero da dawa suna da wani sinadari mai riƙe kalsiyam ya hana hanji tsotsewa, jiƙo da tsami ne ke rage shi. Don haka kokonmu na safe sai gasara ta yi tsami. Sannan akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani a babban hanji, abincinsu harzar wake da ganye da albasa. Idan suka narkar da ita suna fitar da wani ɗan tsami da ke sa kalsiyam ya narke ya shiga jini. Wake da shinkafar da muke dafawa da karan dafi kusan kullum, ashe har su muke ciyarwa. Da rana kuma ga burkina, gero da nono mai sanyi, 'yar'uwar furarku.

Abin da ke damuna, nan da can, yara sun koma lemon kwalba da taliyar leda. Don Allah Inna, jikokinki mata kada su wuni babu fura da nono, a dafa madarar kafin a kwantar da ita, a yawaita kwaɗon zogale da miyar kuka. In an samu mai zuwa, ki aiko mana da garin kuka da daddawa.