Sai Na Yi Wa Kyanwata Wanka?

Tambaya: Malam, kyanwata tana kwana a ƙarƙashin mota a gidanmu na haya a Agege. Jiya ta dawo da baƙin mai a bayanta. Maƙwabciyata ta ce in wanke ta da Dettol. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu, Legas.

Amsa: Hajiya, Dettol kam a'a, don Allah. Guba ne ga kyanwa, kuma duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe. Haka maganin ƙuma na karnuka, shi ma yana iya kashe ta.

A ƙa'ida kyanwa ba ta buƙatar wankanmu. Harshenta kaushi gare shi kamar matsefi, da shi take tsefe gashinta kullum. Amma baƙin mai daban ne, in ta lasa zai shiga cikinta. Ki shafa man gyaɗa kaɗan a wurin, ki murza, sannan ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi. Ruwa kar ya shiga kunne ko ido. Ki goge ta sosai da tawul, don da damshin Legas gashi ba ya saurin bushewa. Ki sa riga mai dogon hannu, za ta yi yaƙushi! In ta fara amai ko dalalar da miyau, sai wajen likitan dabbobi.