Ƙafar Ɗana Tana Jan Ƙasa

Tambaya: Likita, tun da aka yi wa ɗana allurar zazzaɓi a ɗuwawu, silifas ke zame masa daga ƙafar dama, yana yawan tuntuɓe. Me ya jawo? (Wata uwa daga Marwa)

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya. Alamun nan na nuna jijiyar da ke ɗaga tsinin ƙafa ta samu rauni. Ki sa shi ya yi tafiya a kan dunduniya. Idan ƙafar ta ƙi ɗaguwa, to ita ce. Za ki ga yana ɗaga gwiwa sosai, tafin yana faɗuwa fal, bayan ƙafar kuma ya mutu.

Allurar da ta sauka ƙasa ko tsakiyar ɗuwawu kan taɓa babbar jijiyar ƙafa, shi ya sa cinya ta fi dacewa ga ƙananan yara. A manya kuwa, dogon tsugunno, harɗe ƙafa, ciwon suga, kuturta da ciwon baya duk suna kawo wannan matsalar.

Kada a tsaga, kada a gasa da wuta. Ki kai shi asibiti cikin makon nan, a ɗaura masa abin da zai riƙe idon sawu a miƙe, a koya miki motsa ƙafar kullum don kada ta ƙage.