Filashi ta ce sai an yi mata fomat, lissafina kuwa yana ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 a nan Legas. Duk lissafin bashin da nake bin mutane yana cikin filashi ɗaya. Aka ɗauke wuta ina tsakiyar ajiye aiki, yanzu da na sa ta a kwamfuta sai ta ce a yi fomat. Shi ke nan na yi asara?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Da sauran fata sosai, muddin ba ka danna fomat ɗin nan ba (wato a share filashin a sake tsara ta), kuma ba ka ƙara zuba ko hoto ɗaya a cikinta ba.

Filashi kamar sito take. Akwai buhuna, wato fayilolinka, akwai kuma littafin da ke nuna wane buhu ke wane lungu. Littafin nan shi ne tsarin FAT32 ko exFAT da yawancin filashi ke zuwa da shi. Wutar ta yanke ana cikin rubutu, littafin ya ɓaci, amma galibi buhunan suna nan. Sabon abin da ka zuba shi ne zai hau kansu, wanda aka hau kuwa ba ya dawowa.

Fara gwada ta a wata kwamfutar. In maganar ba ta sauya ba, sauke PhotoRec, manhajar tsamo fayilolin da suka ɓace, kyauta ce, tare take zuwa da 'yar'uwarta TestDisk. A kwamfutar za ka sauke ta, abin da ta tsamo ma can za ka ajiye, ba cikin filashin ba. PhotoRec ba ta kula da littafin, lungu-lungu take bi tana gane fayil da kamanninsa, shi ya sa za su fito ba sunayensu na asali, sai lambobi. Za ka sha zaman buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka daure. Wanda ya ƙi buɗuwa a Excel, gwada masa "Open and Repair".

Yara masu gyara suna saurin buga chkdsk, umarnin Windows na duba ma'ajiya da gyara ta, ni kuwa ba na so a fara da shi. Rubutu yake yi a kan filashin, wani lokaci ya daddatsa fayiloli ya tara guntayen a jakar FOUND.000. A kwashe kaya tukuna, gyara ya biyo baya.

In kwamfuta ba ta ganin ta gaba ɗaya, ko tana ɗaukar zafi, zare ta ka nufi Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya da ke Ikeja. Ka faɗa wa mai gyaran ƙarara cewa abin da ke ciki kake so, ba filashin ba, domin wani zai goge ta tas ya miƙo maka yana murna ta tashi. Ka tsaya a kansa har ka ga lissafinka a allo kafin ka biya.