Kar ka zuba adashenka a injin gasa burodi

Wani mai shayi da ke da tebur a Mabera ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina saida shayi da burodi da ƙwai. Kwanan ga ɗalibai da ma'aikata suna ta tambayar gasasshen burodi. Na ga injin gashi a kasuwa, amma manyan burodin da nike saidawa ba su shiga bakinshi. Wata mai kamawa ni ke kwasar adashe. In nemi babban inji, ko mi ka gani?"

Ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Shawarata ita ce ka bar injin nan inda ka gan shi. An ƙera shi ne don ɗakin girkin gida, inda ake jefa siraran yanka biyu ko huɗu. Kai kuwa burodinka guda ne, ana tsaga shi a cusa ƙwai. Ga kuma cin wuta: irin waɗannan injina suna jan wat 800 zuwa 1,500, alhali ƙaramin janaretan da masu tebur ke kunna ƙwan fitila da shi bai kai wat 1,000 ba. Ranar da aka ɗauke wuta, sai ka nemi babban janareta, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ribar burodi ba ta ɗaukar wannan kaya.

Abin da kake bukata faranti ne na baƙin ƙarfe, shimfiɗaɗɗe, mai kaurin milimita huɗu ko biyar. Je Maƙerar Assada ko wurin mai walda na unguwa, a yanka maka daidai faɗin murhunka, a sa masa hannu. Kaurin shi ne sirrin, domin ƙarfe mai kauri yana riƙe zafi ya raba shi ko'ina, siriri kuwa tsakiya ta ƙone gefe yana ɗanye. Ina roƙonka kar ka yarda a yanko maka daga kwanon rufi ko durom mai fenti, komai arharsa. Abin da aka shafe su da shi yana tashi da zafi, kuma cikin mutane zai shiga. Idan ka karɓo, ka goge shi, ka shafa man gyaɗa ka ƙona sau da yawa har ya yi baƙi ya daina kama abu.

Gashin kansa ba wuya. Tsaga burodin a tsaye, shafa bota kaɗan, kife shi a kan farantin, ɗora murfin tukunya mai nauyi ka danna. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Wutar ta zama ƙasa-ƙasa, saboda burodinmu yana da sukari, kuma sukari ba ya jira kafin ya yi baƙi ya yi ɗaci. In yankan mai kauri ne ƙwarai, yayyafa ɗigon ruwa a gefen farantin ka rufe, tururin zai ratsa ciki. Raga a kan garwashin gawayi irin ta masu balangu ma tana yi, sai dai tana busar da burodi, musamman a hunturu, kuma tana son a tsaya a kanta.

Yanzu ga inda kuɗin yake, kuma a nan nake so ka natsu. Kowane mai shayi yana da burodin da ke kwana. Washegari ya yi tauri, kwastoma ya matsa ya ajiye, sai a karyar da shi ko a ba yara. Wannan taurin ba lalacewa ba ne. Zafi yana mayar da laushinsa, ga ƙamshi. Ke nan burodin da kake ƙirgawa a asara ya dawo cikin ciniki da cikakken farashi. Amma wanda ya fara fumfuna ko tsami, wuta ba ta gyara shi. Zubar da shi. Kuma in aka tambaye ka ko na jiya ne, faɗi gaskiya. Wanda ya ci ya ji daɗi ba zai damu ba.

Kar ka yi gashin kyauta don jawo mutane, domin ranar da ka sa kuɗi za a ce ka canza hali. Sa masa farashinsa tun ranar farko. A ce ka ƙara naira 100 a kan kowanne, ka gasa 30 a rana, naira 3,000 ke nan. Cire bota da ƙarin gas, abin da ya rage shi ne ladan hannunka. Rubuta wannan a littafi mako biyu, har da adadin burodin kwana da ka ceto.

Abin da ke ba ni tsoro a lamarinka lokaci ne. Daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, da kuma bayan isha'i, kaskon ƙwai da tukunyar indomi sun riga sun mamaye wutarka. In gashi ya sa mai shan shayi ɗaya ya gaji da jira ya tashi, ka yi asarar fiye da ɗarin da ka samu. Saboda haka in littafin ya nuna ana so, daga adashen ka cire kuɗin murhu na biyu, ka koya wa yaronka aikin farantin shi kaɗai. Ragowar ka sayi madara da sukari da ganyen shayi a sari, katan da buhu, tun da su kake saye kullum da tsada a ƙananan shaguna.

In mutum zai tafi da shi gida, naɗe a farar takarda. Leda tana sa shi gumi ya yi laɓo kafin ya kai ƙofar gida.