Idon kalli da 'ya'yan kifi

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka shiga fadama da tarun gidan sauro, alhali ga sa'anninka suna cika daro da shi kullum. To saurara, ɗana.

Abin da ke cikin daron nan 'ya'yan tarwaɗa ne da na karfasa, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Da an bar su zuwa rani, guda goma sun fi daron kuɗi. Tarwaɗa tana jiran ruwan Kogin Haɗeja ya hau ciyawa, wajen Yuli zuwa Agusta, ta bi shi da dare ta zuba ƙwai. Ƙwan ya manne a ganye, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. A ruwan nan mai kai idon sawu suke girma, nan ne kuma gidan sauro yake shara. Kifin bargi ma a ciyawar yake sheƙa, zagayayyiya kamar faifai babba. Taru ya bi ta kai sau ɗaya, shi ke nan.

Karfasa kuwa al'amarinta daban ne. Uwar tana ɗauke da ƙwanta a baki kusan mako biyu, ko abinci ba ta ci. In ta faɗo a birgi, wato tarun jefawa, ka ga maƙogwaronta a kumbure, duba bakin, za ka ga ƙwai rawaya-rawaya. Mayar da ita nan take, da jiƙaƙƙen hannu. Amma sau da yawa tana tofar da su in ta firgita, shi ya sa ya fi kyau ka bar jefa birgi a bakin ciyawa sai ruwa ya fara ja.

Batun kalli, wato tarun da kifi ke maƙalewa a idonsa, miƙe idon ka gwada. In bai kai inci 3 ba, ajiye shi. Babban ido yana barin ƙananan su wuce har su hayayyafa kafin su zo hannu.

Kuma ka tuna fadamar ba ta da faɗin da take da shi a da. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 malalar ruwa ta canza, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa wajen Guri. Wurin haihuwar kifi ya ragu, masunta kuma sun ƙaru.

Gamalin kam, maganin ƙwarin da wasu ke zubawa a ruwa, kada ko a mafarki. Yana kashe babba da ƙarami, har kwaɗi, ga dabbobi da mutane suna shan ruwan. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba. Ka ga mai yi, kai maganar gaban Sarkin Ruwa.

In za ka sayi kifin yin banda a bakin ruwa, duba bayan kai. Wanda kalli ya kama yana da zanen zare kamar zobe. In ka tarar da tuli, manya da ƙanana iri-iri, babu zane babu raunin ƙugiya, jiki ya yi laushi tun da hantsi, wuce shi komai araharsa, mai yiwuwa da guba aka kama shi.